Me Ya Sa Allurar Maganin Kumburi Take Da Zafi, Kuma Yaya Ake Rage Shi?

Tambaya: Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa da na baya, kuma duk lokacin da ciwon ya tashi sai a yi mata allurar diklofenak a mazaunai. Allurar tana yi mata zafi ƙwarai, wurin yakan kwana biyu ko uku yana ciwo, wani lokaci har da ƙulli a ƙarƙashin fata. Yanzu ta fi tsoron allurar a kan ciwon kansa. Akwai abin da za a yi zafin ya ragu?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri bisa kulawar da kike yi da ita. Akwai abin da za a yi, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar wani kayan aiki na musamman, sai dai sani da natsuwa daga mai yin allurar da kuma ɗan shiri daga wanda za a yi wa. Ina so ki sani tun farko cewa kukan da Mama take yi ba raki ba ne, domin allurar diklofenak tana cikin allurai masu zafi da gaske, kuma duk wanda ya daɗe yana aikin jinya ya san haka.

Mutane da yawa suna zaton tsinken allura ne yake kawo zafin, alhali kuwa sukan tsinke na ɗan lokaci ne, kafin a ƙirga uku ya wuce. Zafin da yake kwana a jiki daga ruwan maganin yake fitowa. Diklofenak ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi, saboda haka masu haɗa shi sukan ƙara wasu sinadarai da za su riƙe shi a narke, irin su furofilin gilaikol da benzil alkohol, kuma waɗannan sinadarai tare da maganin kansa suna ƙona naman da suka taɓa. Kwalbar da aka fi sani tana ɗauke da miligiram 75 a cikin mililita 3, wanda ruwa ne mai yawa idan aka yi la'akari da cewa za a tura shi wuri guda a cikin tsoka, dole ya buɗa wa kansa hanya tsakanin zaruruwanta. Idan ya sauka can cikin tsoka, inda jini yake gudana sosai, jinin yakan kwashe shi cikin sa'o'i kaɗan. Idan kuwa ya tsaya a cikin kitsen da ke tsakanin fata da tsoka, inda jini bai da yawa, sai ya zauna yana cin wurin, kuma sau da yawa wannan shi ne asalin ƙullin da kike ji da hannunki.

Kafin maganar yadda za a yi allurar, akwai tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, wato ko Mama tana buƙatar allurar ma tun asali. Ra'ayin cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi ya yi kaka-gida a zukatan mutane a ƙasashe da dama, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yin allurai kimanin biliyan 16 a duk shekara, tana kuma nanata cewa da yawa daga cikinsu ana iya maye gurbinsu da maganin sha. A game da magungunan kumburi irin su diklofenak da ibufurofen da ketorolak, binciken da aka yi ana kwatanta allura da ƙwaya ya nuna cewa sauƙin da ake samu kusan ɗaya ne, bambancin kawai shi ne allura tana iya ɗan riga ƙwaya fara aiki. Haka kuma ba gaskiya ba ne cewa allura tana kare ciki daga gyambo. Waɗannan magunguna suna aiki ne ta hanyar hana jiki samar da wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, waɗanda suke haddasa kumburi da ciwo, amma su ne kuma suke kare bangon ciki daga ruwan tsami, suke taimaka wa jini ya isa ƙoda. Da zarar maganin ya shiga jini, ko ta baki ya bi ko ta tsoka, illarsa ga ciki da ƙoda tana nan daram. Wanda aka yi wa allura ya ɗauki duk haɗarin da mai shan ƙwaya ya ɗauka, sannan ya ƙara da haɗarin allurar.

Shi ya sa takardar bayanin da ke cikin kwalin allurar diklofenak take iyakance ta ga kwana 2 kacal, kwalba ɗaya a rana, ko biyu idan ciwon ya tsananta, ɗaya a kowane ɓangaren mazaunai, daga nan a koma ga ƙwaya ko wanda ake sakawa ta dubura. Ketorolak kuwa ba a wuce kwana 5 da shi ta kowace hanya. An yi waɗannan allurai ne domin ciwo mai tsanani na ɗan lokaci, kamar ciwon tsakuwar ƙoda, ko bayan tiyata, ko mara lafiyar da amai ya hana shi riƙe magani a ciki. Ciwon gwiwa na tsufa, wanda yake tafiya yana dawowa shekara da shekaru, ba ya cikin wannan sahu, kuma abin da likitoci suka fi ba da shawara a fara da shi, musamman ga masu shekaru, shi ne diklofenak na shafawa a kan gwiwar, domin yana shiga wurin ciwon, kaɗan ne kuma daga cikinsa yake kaiwa ga jini. Idan har ana yi wa Mama wannan allura a kai a kai, to ina roƙonki ki kai ta wurin likita a sake duba tsarin maganin gaba ɗaya. Wannan ya zama wajibi idan tana da gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko hawan jini, ko asma, ko ciwon zuciya, domin tun a shekarar 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba da diklofenak ga wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wanda yake shan maganin tsinka jini irin su wafarin shi ma ana guje wa yi masa allurar tsoka, saboda jini yana iya taruwa a wurin.

To, idan likita ya duba ya ga allurar ce ta dace, sai mu zo ga yadda ake yin ta. Abu na farko shi ne wuri. Ba a yin diklofenak a damtse, domin tsokar wurin ƙarama ce, ba ta ɗaukar fiye da mililita 1 zuwa 2. A mazaunai ake yi, kuma ba ko'ina a mazaunai ba. Ana raba ɓangare ɗaya gida huɗu a ido, a zaɓi kason sama na waje, wanda ya fi kusa da ƙashin ƙugu, saboda babbar jijiyar da take saukowa daga ƙugu zuwa tafin ƙafa tana bi ta tsakiya da ƙasa. Masu koyar da aikin jinya a yau sun fi son wani wuri da ke gefen kwatangwalo, kuma ga yadda ake gano shi: ma'aikaci ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙashin da ya turo a saman cinya ta gefe, ya miƙa manuniya zuwa ƙashin ƙugu na gaba, ya buɗa yatsan tsakiya zuwa baya, sai ya soka a tsakanin yatsun biyu. Tsokar wurin tana da kauri, kitsen da ke kanta bai kai na mazaunai ba, kuma ta yi nesa da manyan jijiyoyi. Kowanne aka zaɓa, kada a maimaita ɓangare ɗaya sau biyu a jere, kada kuma a soka a kan tsohon ƙulli ko tabo.

Na biyu shi ne tsinke, kuma a nan tausayi yakan jawo ɓarna. Mai allura yana ganin tsohuwa tana tsoro sai ya ɗauko gajeren tsinke, ko ya soka dogon ya tsaya a rabi, yana ganin ya sauƙaƙa mata, alhali ya zuba maganin ne a cikin kitse. Ga babban mutum, tsinken da ya kai milimita 38 shi ne aka saba amfani da shi a wannan wuri, mai jiki sosai kuma yana iya buƙatar wanda ya fi haka, kuma a miƙe ake soka shi, ba a karkace ba. Yana da kyau a canza tsinke bayan an zuƙo maganin daga kwalba, domin wanda aka zuƙa da shi bakinsa yana iya dakushewa idan ya taɓa gilashi, kuma jikinsa ya jiƙe da maganin da zai riƙa ƙona fata da kitse a kan hanyarsa ta shiga. Sirinji da tsinke kuwa dole su zama sababbi, a buɗe su a gabanki.

Na uku yana hannun Mama. Tsokar da aka ɗaure ta fi jin zafi, kuma mutum ba ya iya sake tsokar mazaunai yana tsaye a kan ƙafar, balle yana dafe da bango yana jiran suka. Ta kwanta rub da ciki ta juya yatsun ƙafafunta ciki suna kallon juna, domin wannan juyi yana tilasta wa tsokar ta saki. Idan kwanciyar rub da ciki tana yi mata wuya saboda baya, ta kwanta a gefe ta lanƙwasa gwiwar ƙafar da ke sama ta ɗora ta a gaba. Ta ja numfashi mai tsawo, a soka lokacin da take fitar da shi a hankali. Ke kuma ki tsaya ta wajen kanta, ki riƙe hannunta, ki ja ta da hira, kada a bar ta tana kallon sirinji ana cika shi, domin tsoro yana ƙara wa zafi ƙarfi, kuma ɗauke hankali yana iya rage shi.

Sauran yana hannun ma'aikaci, kuma ƙananan abubuwa ne da gaggawa take sa a tsallake su. Bayan an goge fata da sifirit a bar shi ya bushe na kimanin daƙiƙa 30, domin idan aka soka yana jiƙe tsinke zai shiga da shi, kuma raɗaɗin farko da mutane suke ji sau da yawa na sifirit ne. Danna wurin da babban yatsa da ɗan ƙarfi na daƙiƙa 10 kafin a goge a soka yana rage zafin suka, saboda saƙon dannawa yana riga saƙon zafi isa ga laka, ya rage masa hanya. Sai kuma dabarar da ta fi dacewa da magani mai ƙuna: a ja fata da kitsen da ke ƙarƙashinta gefe guda da kamar santimita 2 ko 3, a riƙe, a soka da sauri, a ɗan ja sandar sirinjin baya a tabbatar jini bai fito ba, a tura maganin, a jira daƙiƙa 10, a zare tsinke, sannan a saki fatar. Da fatar ta koma mazauninta sai hanyar da tsinke ya bi ta toshe, maganin ya kasa biyo ta ya dawo cikin kitse. Idan jini ya bayyana a sirinji, a zare, a zubar, a sake sabon shiri a wani wuri.

Saurin turawa kuwa, a ganina, shi ne ya fi kowane abu raba allura mai sauƙi da mai azaba. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce mililita 1 a cikin daƙiƙa 10, wato kwalbar diklofenak ɗaya tana buƙatar rabin minti. Kamar ban ruwa ne a busasshiyar ƙasa, idan an zuba a hankali ta sha, idan an kwarara ya tsaga ta. Soka tsinke da sauri ake yi, tura magani kuma a hankali, amma sau da yawa akan juya lamarin, a yi ta lallaɓa tsinke sannan a matse sirinji gaba ɗaya. Ba rashin ladabi ba ne ki ce wa ma'aikaci, "Don Allah a tura mata a hankali," kuma ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba.

Sanyaya wurin da ƙanƙara da aka naɗe cikin tsabtataccen ƙyalle na minti ɗaya ko biyu kafin allura yana taimakawa. Akwai kuma man shafawa mai ɗauke da lidokain da firilokain wanda yake kashe jin fata idan aka shafa aka rufe shi na kimanin sa'a ɗaya, sai dai a sani cewa aikinsa a fata yake tsayawa, yana rage zafin suka amma ba ya kaiwa ga ƙunar da ke cikin tsoka.

Ina so in ja kunne a kan wata al'ada, wato haɗa diklofenak da wani magani a sirinji ɗaya, ko da deksametason, ko da bitamin, ko da maganin kashe zafi, da sunan rage raɗaɗi ko rage yawan suka. Kamfanonin da suke yin maganin sun hana haka a rubuce, domin diklofenak yana iya daskarewa ya zama ƙananan ƙwayoyi idan yanayin ruwan da yake ciki ya canza, kuma ƙarin ruwa a wuri guda ƙarin ciwo ne. Gaskiya ne akwai kamfanonin da suke fitar da shi a haɗe da lidokain tun daga masana'anta, kuma likita yana iya zaɓar irin wannan, amma wancan haɗi ne da aka auna aka gwada, kuma tsoka kaɗai ake yi wa shi, ba a saka shi a jijiyar jini.

Bayan allura a danna wurin da busasshiyar auduga, kada a murza, domin murzawa tana turo maganin zuwa cikin kitse. Ta tashi ta ɗan taka, saboda motsi yana sa jini ya kwashe maganin. A ranar farko sanyi ya fi amfani, daga rana ta biyu kuma ana iya ɗora tsumma mai ɗumi na minti 10 zuwa 15 sau biyu ko uku a rana. Idan tana buƙatar ƙarin maganin ciwo, farasitamol ne ya dace, kada ta ƙara ibufurofen ko wata ƙwayar diklofenak a kan allurar, domin 'yan gida ɗaya ne, illarsu taruwa take yi.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe da kyau: akwai zafin da ba a neman rage shi, gudu ake yi asibiti saboda shi. Idan a lokacin suka ta ji wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga daga mazaunai zuwa ƙafa, ta faɗa nan take a zare tsinken, kada a tura komai, domin alama ce ta an taɓa babbar jijiyar nan, kuma idan daga baya ƙafar ta mace ko ta kasa ɗaga tafinta sama, likita ya gan ta a ranar. Idan zafi mai tsananin gaske ya taso nan da nan bayan allura, fatar wurin ta yi fari sannan ta koma ja mai duhu ko shuɗi-shuɗi kamar zanen raga, wannan yana iya zama cutar da ake kira da sunan Nikolau, likitan fata ɗan ƙasar Romaniya da ya bayyana ta a shekarun 1920. Tana faruwa ne idan magani ya shiga ƙaramar jijiyar jini ko ya matse ta, jini ya daina isa wurin, nama ya fara mutuwa. Ba kasafai ake ganinta ba, amma diklofenak yana cikin magungunan da aka fi samun ta da su, kuma a wannan hali ba a ɗora ƙanƙara, domin sanyi yana ƙara tsuke jijiyoyin. Haka nan ciwon da yake ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon raguwa, tare da kumburi da ɗumi da zazzaɓi, alamar ƙurji ce a cikin tsoka, wanda sau da yawa sai an tsaga an fitar da mugunya. Kumburin fuska ko leɓe, ko sarƙewar numfashi, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko raguwar fitsari, duk ba a kwana da su a gida.

Tun da ciwon gwiwa ne, mai yiwuwa wata rana likita ya kawo maganar allurar sitiroyid, wato wani rukunin maganin kumburi mai ƙarfi, a cikin gaɓar kanta, irin su tirayamsinolon ko metilfiredinisolon. Wannan daban take, likitan da ya ƙware ne kaɗai yake yin ta, kuma yawanci yakan haɗa ta da lidokain, shi ya sa gwiwar takan yi sauƙi nan take, sannan ciwon ya dawo bayan 'yan sa'o'i kafin sitiroyid ɗin ya fara aiki. Wasu sukan ji ciwon ya ƙaru a cikin sa'a 24 zuwa 48 na farko saboda ƙananan ƙwayoyin maganin suna tsokanar gaɓar, kuma ƙanƙara da hutu da farasitamol sukan isa. Idan ya wuce haka yana ƙaruwa, ko zazzaɓi ya shigo, a koma da gaggawa domin a tabbatar ƙwayar cuta ba ta shiga ba. Mai ciwon suga ya sani cewa sugansa yana iya hawa na wasu kwanaki, kuma galibi ba a maimaita wannan allura a gaɓa ɗaya kafin wata 3.

Masu amosanin gaɓɓai da suke yi wa kansu allurar ƙarƙashin fata a gida, irin su adalimumab ko etanasef, nasu sauƙin yana cikin fitar da maganin daga firij a ajiye shi minti 15 zuwa 30 ya huce da kansa, ba tare da an saka shi a ruwan zafi ko a rana ba, sannan a riƙa sauya wuri tsakanin cinya da ciki, a nisanci cibiya da santimita 5. Akwai kuma samfurin adalimumab da aka cire wa sinadarin sitiret aka rage yawan ruwansa, wanda ya fi tsohon sauƙi, kuma ana iya tambayar likita a kansa.

Game da ƙullin da ke jikin Mama yanzu, idan ba ya girma, ba ya ɗumi, ba ya ja, yawanci yakan narke da kansa cikin makonni, kuma ɗumi yana taimaka masa. Kada a matse shi, kada a huda, kada a sake allura a kansa. Idan ya wuce wata ɗaya bai ragu ba, a nuna wa likita. Ranar da za ku je, ki tafi da kwalayen duk magungunan da take sha, ki faɗa masa sau nawa aka yi mata allurar a 'yan watannin nan, ki kuma nemi a auna hawan jininta, a gwada aikin ƙodarta da yawan jininta, domin ƙoda takan daɗe tana raunana ba tare da mai ita ya ji komai ba.